Yadda Za Ka Daina Ɗaukar Hoto a Karkace

Shekarun baya na ɗauki hoton ɗaurin aure a ƙofar wani gida a cikin birni. Bayan an shafa fatiha dangin ango suka jeru, mutum kusan ashirin, na cika hoton da su tam daga wannan gefe zuwa wancan. Da na koma shago na buɗe a kwamfuta sai na ga duk jeren ya zube gefe guda, kamar a gangare aka tsayar da su. Na juya hoton don ya miƙe, juyawar ta cinye gefuna, kawun ango da ke ƙarshen layi ya rasa rabin kafaɗa da gefen hula. Da uban ango ya zo karɓa ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗora yatsa a wurin ya ce, "Malam, wannan yayan mahaifiyar yaron ne, daga Maraɗi ya taso saboda wannan rana." Na ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, laifina ne." Bai ƙara cewa komai ba, ya biya kuɗinsa ya tafi. Abin ya tsaya mini a rai, don ɗaurin aure ba a maimaita shi. Tun daga ranar na kunna abubuwa biyu a kyamarata, raga da ma'auni, ban sake kashe su ba.

Abin da karkacewa ke ci

Masu cewa "a bari sai wajen gyara" ba su taɓa zama sun yi lissafin ba. Hoto mai kusurwa huɗu in ka juya shi, dole ka yanke gefunansa kafin ya koma kusurwa huɗu. A hoton kyamara na yau da kullum, wanda faɗinsa ya yi tsawonsa ɗaya da rabi, gyaran digiri 1 yana cin kusan kashi 5 cikin 100 na hoton. Digiri 2 ya ci kusan kashi 10, digiri 5 kuwa ya haura kashi 20. Kyamara mai megafiksel 24 in ta karkace da digiri 5, abin da zai rage maka bai kai 19 ba. Kuma abin da ke tafiya ba tsakiya ba ne, gefe ne: ƙafar doki, bakin rawani, hannun amarya, mutumin ƙarshen layi.

Digiri 1 a baki kamar ba komai. Amma in ka wanke hoton ya kai faɗin santimita 30, wani gefen zai fi wani sauka da kusan rabin santimita. Sa shi a firem ka rataye, katakon firem ɗin da kansa zai tona asirin.

Da farko, kunna raga

Raga ita ce siraran layukan da ke raba allon kyamara gida-gida, kamar gidajen dara. Ba ta fitowa a hoton, kai kaɗai ke ganinta. A menu sunanta Grid. A Canon za ka samu zaɓi kamar 3x3 da 6x4, wasu har da mai layukan da suka ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa. A Nikon, in kana so ta fito a kafar da kake leƙawa, tana cikin Custom Setting, rukunin d, da sunan Viewfinder grid display, a kyamarorin da ke da ita. Sony na kiranta Grid Line, Fujifilm kuma Framing Guideline, mai gida 9 ko mai gida 24. A iPhone ka shiga Settings, ka shiga Camera, ka kunna Grid. A Samsung da Tecno da Infinix da sauran wayoyin Android, buɗe kyamarar ka taɓa alamar saiti, a nan ake samunta.

Wacce za ka zaɓa? Mai gida tara ta isa hoton mutane da na fili. Amma tana da naƙasu guda: ba ta da layi a tsakiya, kuma za ka ga nan gaba cewa layin tsakiya shi ne mai gaskiya a duk layukan. Saboda haka in gini zan ɗauka, ko wani abu mai layuka da yawa, nakan koma mai 6x4, wadda layinta na tsaye da na kwance suke haɗuwa a cibiyar hoto.

Sannan kunna ma'auni

Duk wanda ya taɓa tsayawa kan magini ya ga sandar nan mai ruwa a ciki da ƙwayar iska, wadda ake ɗorawa kan bulo a ga ko ya zauna daidai. Irin aikinta ma'aunin kyamara ke yi, sai dai shi na lantarki ne: wata 'yar na'ura ce a ciki mai jin inda nauyin ƙasa ke ja. Nikon ta sa shi a D3 a 2007 da sunan Virtual horizon, Canon ta sa nata Electronic level a 7D a 2009, yau kuma yawancin kyamarori marasa madubi a ciki, waɗanda ake kira mirrorless, suna zuwa da shi.

A Canon ka yi ta latsa INFO har ya fito. A Sony da Nikon marasa madubi maɓallin DISP ne. A manyan Nikon masu madubi kana iya ɗora shi kan maɓallin Fn don ya fito a kafar leƙawa. Layin yakan koma kore in ka daidaita. A iPhone, tun daga iOS 17 na 2023, akwai Level kusa da Grid: layi ne fari a katse, in wayar ta miƙe sai ya haɗe ya koma rawaya.

Ka lura ko naka mai auna abu ɗaya ne ko biyu. Akwai karkacewar gefe, wato dama ta fi hagu sauka. Akwai kuma ɗaga kai ko sunkuyar da shi, wato hancin kyamara na kallon sama ko ƙasa. Canon 60D da 6D gefe kawai suke aunawa, 7D da 5D Mark III suna auna duka biyun. Ƙananan kyamarori irin su Canon 2000D da Nikon D3500, waɗanda da yawa daga cikinmu da su muka fara, ba su da ma'aunin sam. In irinsu gare ka, akwai ɗan ƙaramin ma'aunin ruwa da ake zurawa a mazaunin filasha a saman kyamara. Ba shi da tsada, kuma a kan ƙafa uku, wato abin da ake girke kyamara a kai, yana aiki sosai.

Gwada ma'aunin kafin ka yarda da shi

Littafin Canon da kansa ya ce ma'aunin na iya kuskure da kusan digiri 1. Ka ba shi minti biyar ka san halinsa. Ajiye kyamara kan tebur mai ƙwari, ka duba wane gefe ta ce ya sauka. Juya ta a wurin ta fuskanci inda ta ba baya, ka sake dubawa. In da farko ta ce dama, yanzu ta ce hagu, tebur ne a karkace, ma'auninka lafiya lau. In sau biyun duk damar kyamara take cewa ta sauka, kuskuren nata ne. Olympus da Panasonic suna ba da damar saita shi a menu. In taka ba ta da wannan, ka riƙe a ranka gefen da take cuta.

Ka kuma san inda ba ya aiki. Tunda nauyi yake ji, motsi na ruɗa shi. A cikin mota mai tafiya ko kwale-kwale zai yi ta rawa. Haka in ka ɗaga kyamarar sama sosai ko ka kifa ta ƙasa, kuskurensa na ƙaruwa. A irin waɗannan wurare raga ce abin dogaro.

Tsayuwa da riƙo

Yawancin karkacewa daga jiki take farawa. Ware ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, nauyinka a kan duka biyun. Tafin hagu a ƙarƙashin gilashin kyamara yana ɗauke da nauyi, hannun dama yana riƙe kawai. Gwiwoyin hannu a manne da haƙarƙari. Kyamara za ka kawo wurin ido, kar ka kai ido wurin kyamara, don da zarar ka langaɓar da kai, abin da ke karkace sai ya zame maka daidai.

In ka juya kyamara a tsaye don hoton mutum ɗaya, ka ƙara kula. A nan hannu ya fi yaudara, musamman bayan awa uku kana tsaye a wurin kamu ko dina.

Da me za ka jingina layin?

Nan ne aikin yake, kuma nan na fi so ka tsaya. Ma'auni yana gaya maka yadda kyamara take da ƙasa. Raga tana nuna maka yadda abin da ke gabanka zai zauna cikin hoto. Wani lokaci bakinsu ɗaya, wani lokaci su saɓa, sai ka san wanda za ka bi.

Ruwa mai faɗi ba ya ƙarya. In kana bakin madatsar Tiga ko tafkin Kainji, inda ruwa ya miƙe har ya haɗu da sama, wannan layin a kwance yake daidai. Ɗora shi kan ɗaya daga layukan raga na kwance ka duba ƙarshensa biyu, kar ka tsaya a tsakiya kawai. Amma gaɓar kogi daban ce. In ka tsaya a Yamai kana kallon ƙetaren kogin Kwara, gaɓar can na iya matsowa kusa a wani gefe ta yi nisa a wani, sai ta fito a hoto kamar ta gangara alhali kyamararka daidai take. A nan ma'auni za ka bi. Haka lokacin hunturu, in ƙura ta rufe ko'ina, ka hau Dala ko Goron Dutse ba ka ganin inda gari ya ƙare sama ta fara, ma'auni kaɗai ya rage maka.

A cikin gari, layukan tsaye sun fi na kwance amana. Rufin gida ko saman katanga ba za su kwanta daidai a hoto ba sai in kana fuskantarsu kai tsaye. Ka matsa gefe kaɗan, sai su fara gangarawa zuwa nesa, kuma haka ya kamata su yi. Wanda ya nace sai ya miƙar da su, shi ne zai kayar da mutanen da ke tsaye a gabansu. Nemi abu guda da ka tabbatar a tsaye yake, kamar gefen ƙofar ƙarfe ko kusurwar ginin bulo, ka sa shi kusa da tsakiyar hoto, ka jera shi da layin raga na tsakiya. Dalilin tsakiya shi ne, ko kyamara ta ɗaga kai ko ta sunkuya, layin tsaye da ya bi ta cibiya ba ya kwantawa. Na gefe ne ke kwantawa. Ga kuma halin gilashi mai faɗi: irin 18-55mm da ke zuwa da kyamara, in ka buɗe shi a 18, yana ɗan lanƙwasa layukan da ke bakin hoto kamar cikin tulu. Kar ka yi awo da su.

Sai abin da ya shafe mu musamman. Ginin ƙasa irin namu ba a miƙe yake tashi ba. Magina suna faɗaɗa gindi su tsuke sama, don katangar ta iya ɗaukar nauyin kanta. Dubi hasumiyar Gobarau a Katsina, ko ta babban masallacin Agadas mai tsawon kimanin mita 27, wadda take tsukewa tun daga ƙasa har ƙoli. In ka jera gefe ɗaya na irin wannan gini da layin raga, ka karkatar da hoton gaba ɗaya, ɗaya gefen zai kwanta ninki biyu. Abin yi shi ne ka sa layin tsakiya ya raba ginin biyu, ka ga gefen dama da na hagu suna shigowa daidai wa daida, sannan ka tabbatar da ma'auni. Haka za ka yi da zaure mai zanko, da tsofaffin ƙofofin gari, da rumbu.

Turakun wutar lantarki kuwa ka manta da su. Da wuya ka samu wanda damina ba ta tura shi gefe ba. Bishiya ma haka. Mutum kuma ba abin awo ba ne, don kowa da irin tsayuwarsa, ga babbar riga tana ɓoye kafaɗa.

To in bango a karkace yake da gaske fa, ma'auni ya ce daidai, ido ya ce a'a? Ra'ayina shi ne, in akwai mutane a tsaye ko ruwa a hoton, bi ma'auni, bangon ya fito da halinsa. In kuwa abin shi kaɗai ne ya cika hoton, misali ƙofa mai zane ko allon sanarwa, bi raga ka jera shi da gefunan hoto, don mai kallo ba shi da wani abin da zai gwada da shi sai su.

Gini mai tsawo

Ka tsaya gindin bene ka ɗaga kyamara don samansa ya shiga, sai ka ga bangayen sun tsuke, ginin kamar zai faɗi baya. Wannan ba karkacewar gefe ba ce, ɗaga kai ne, kuma juya hoto ba ya gyara shi. A nan ma'auni mai auna abu biyu yake biyan kuɗinsa.

Ja da baya iyakar yadda wuri ya ba ka, ka jawo ginin da zum. Sauke hancin kyamara har layin sama da ƙasa ya koma kore, ka duba bangayen biyu sun bi layukan raga na tsaye. Za ka ga ƙasa ta cinye kusan rabin hoton. Bar ta, ka yanke daga baya, wannan yankan ba ya taɓa ginin. In babu wurin ja da baya, nemi tudu: matakala, bayan a-kori-kura, ko benen da ke fuskantarsa in masu shi sun yarda. Juya kyamara a tsaye ma na ƙara maka sama ba tare da ka ɗaga kai ba.

A cikin ɗaki, kamar in an kira ka ɗaukar jeren amarya, riƙe kyamara wajen tsayin ƙirji, ka daidaita ta ta kowane ɓangare. Daga tsayin ido mutum yakan sunkuyar da ita, sai kabad da labule su buɗe ta sama kamar za su zubo.

Lokacin latsawa

Sau da yawa komai ya daidaita, layi ya yi kore, amma hoton ya fito gefen dama a sauke. Yatsa ne. Maɓallin yana dama, in ka danna shi da ƙarfi duk gefen ke bin sa. Kwantar da tsokar yatsa a kai, latsa rabi har kyamara ta kama abin da kake so ya fito tar, sake kai ido kan layin, sannan ka ƙarasa a hankali kamar mai matsa nunannen mangwaro. Duba goma daga cikin tsofaffin hotunanka. In duk gefe ɗaya suke sauka, ka gano halin hannunka, kuma abin da aka gano yana gyaruwa.

Tsarin da nake bi kullum shi ne: in tsara hoton da raga, in saci kallon ma'auni, in zagaya da ido kusurwa huɗu, in latsa. Kar ka kafe ido kan ma'auni har abin da ka zo ɗauka ya wuce. A hawan daushe, doki ba zai jira layinka ya yi kore ba. A irin wannan wuri ka daidaita tsayuwarka tun kafin su iso, ka buɗe hoton ya ɗan fi yadda kake so faɗi, don in gyara ya kama ya ci iska, kar ya ci mahayi.

Kaya daga sama

Masu sayar da atamfa da shadda da huluna da turare a WhatsApp da Instagram, wannan naku ne. In aka shimfiɗa kaya aka ɗauka daga sama, dole wayar ta kwanta daidai da shimfiɗar, in ba haka ba yadi mai kusurwa huɗu zai fito gefe ɗaya ya fi faɗi. A iPhone, in ka kifa wayar, alamun giciye biyu ne ke fitowa a tsakiya, fari da rawaya, ka motsa har su hau kan juna. In wayarka ba ta da wannan, jera gefunan kayan huɗu da layukan raga. In na sama da na ƙasa sun bi layi amma na gefe sun tsuke, wayar ta ɗaga kai, sai ka kwantar da ita. Haka ake ɗaukar takardar shaida ko rasit.

Ƙafa uku da bidiyo

Fara da ƙafafun kafin kan. Buɗe su, ka daidaita tsawonsu har ƙwayar iskar da ke wuyan ta zauna tsakiya, in akwai ta. A kan yashi ka danna kowace ƙafa ta nutse tukuna. Sannan ka ɗora kyamara ka daidaita ta da nata ma'aunin. Gwajin shi ne ka juya ta daga hagu zuwa dama a hankali kana kallon layin. In ya yi kore a nan ya sauya a can, ƙafafun ne ba su daidaita ba, gyaran kai ba zai yi magani ba. Mai ɗaukar wa'azi ko walima ya fi kowa buƙatar wannan, don bidiyon awa biyu a karkace ya fi hoto ɗaya wuyar gyara, kuma yankan ya fi yi masa illa. Hoton tsaye a kan ƙafa uku kuma, sa masa jinkirin daƙiƙa 2 don hannunka ya bar kyamarar kafin ta ɗauka.

Duba kafin jama'a su watse

Da ka ɗauka, buɗe hoton nan take. Wasu kyamarorin Canon suna iya ɗora raga a kan hoton da aka riga aka ɗauka, sunanta Playback grid. In babu, gwada layin da ke cikin hoton da gefen allon. Ɗan abin da ya rage, rabin digiri ko ɗaya, Snapseed a waya ko Lightroom a kwamfuta za su gyara shi ba tare da asara mai yawa ba, kuma dukansu suna da wurin gyara bangayen da suka tsuke. In kuwa da gangan kake so ka karkatar, kamar a hoton rawa ko wasan dambe, karkatar sosai yadda kowa zai san nufi ne. Digiri 2 ko 3 kullum kuskure yake kama.

A hoton taro yanzu nakan bar sarari kamar faɗin mutum ɗaya a dama, ɗaya a hagu. In ɗauka sau uku, in ce, "Alhaji, don Allah a ɗan dakata mini," in duba mutumin farko da na ƙarshe da layin ƙofar da ke bayansu, sannan in ce an gama.